Daga DSL zuwa kebul a Jamus: ina neman shawarar waɗanda suka riga ni sauyawa

Baban Amira ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan'uwa mazauna Jamus, ina neman shawararku a kan wani lamari da na daɗe ina juya shi a raina ban kai ga yanke hukunci ba. Ina zaune da iyalina a gidan haya mai hawa huɗu a gefen birnin Hamburg, kuma tun da muka tare muke amfani da intanet na DSL, wato wanda yake shigowa ta layin tarho. A takardar kwantiragi an rubuta mini megabit 50 na saukewa da megabit 10 na aikawa, amma abin da yake isowa gare mu bai cika wuce 30 ba, na aikawa kuma yakan tsaya wajen 6 ko 7. A lokacin da yara suke ƙanana hakan bai dame mu ba. Yanzu sun tasa, babbar tana yin aikin makaranta ta intanet, ƙannenta suna kallon bidiyo, ni kuma a wasu ranakun mako daga gida nake aiki, inda dole sai na shiga kwamfutocin ofis ta VPN, wato keɓaɓɓiyar hanya mai tsaro da take bi ta cikin intanet. Idan mai ɗakina ta kira mahaifiyarta a Katsina ta bidiyo a daidai wannan lokaci, sai hoto ya riƙa tsayawa, murya ta riƙa yankewa, har tsohuwa ta gaji ta ce a bari sai an jima.

Kwanakin baya wani ɗan talla ya ƙwanƙwasa mana ƙofa, ya ce gininmu yana da layin kebul na talabijin, kuma ta wannan layi za a iya ba mu megabit 250 ko ma 1000 a kan kuɗin da bai kai wanda nake biya yanzu ba. Ya so in sa hannu nan take, na ce ya bar mini takardar zan yi nazari. Wa'adin watanni 24 na kwantiragina na DSL ya riga ya cika, saboda haka babu abin da ya ɗaure ni.

Abin da nake so in ji daga bakin waɗanda suka yi wannan sauyi shi ne, shin da gaske ne kebul ya fi DSL a amfanin yau da kullum, ko kuwa lambar da ke jikin takardar talla ce kawai take da girma? Sannan ni ne zan rubuta wa tsohon kamfani takardar soke kwantiragi, ko sabon kamfanin ne zai yi? Ina da lambar tarho ta gida da dangi da makarantar yara suka sani, ba na so in rasa ta. Haka kuma ban sani ba ko sai na nemi izinin mai gidan kafin a taɓa wani abu a ginin. Na ƙarshe, da kuɗina na sayi rauta, wato na'urar da take karɓar intanet ta raba shi a gida, samfurin FRITZ!Box 7530, kuma zan ji takaici idan ta zama ba ta da amfani. Allah ya saka wa duk wanda ya taimaka da alheri.

Injiniya Bagobiri ya amsa:

Wa alaikumus salam, Baban Amira. Ka yi daidai da ba ka sa hannu a bakin ƙofa ba. Zan fara da yadda hanyoyin biyu suke aiki, domin idan aka fahimci wannan, yawancin labaran da mutane suke bayarwa, masu daɗi da marasa daɗi, sai a ga inda suka samo asali.

DSL yana tafiya ne a kan siraran wayoyi biyu na jan ƙarfe da aka shimfiɗa tun asali domin tarho. Idan ka lura da akwatunan nan masu launin toka da ke gefen titi, zaren gilashi, wato wayar da take ɗaukar bayanai ta hanyar haske, shi ne yake kawo intanet zuwa cikinsu, daga nan kuma jan ƙarfe ne yake ƙarasawa zuwa gidanka. Wannan guntun layi naka ne kai kaɗai, ba ka raba shi da maƙwabci, amma rauninsa shi ne nisa: duk mitocin da suka ƙaru tsakanin akwatin da gidanka, sigina yana ƙara raunana. Wanda gidansa yake dab da akwati zai iya samun megabit 100 ta fasahar da ake kira Vectoring, ko har 250 na saukewa da 40 na aikawa ta Supervectoring, alhali wanda yake can ƙarshen titi ba zai samu rabin haka ba ko da kuɗinsu ɗaya. Yadda ka kwatanta naka, ina kyautata zaton nisa ne ko tsufan wayoyin cikin ginin, kuma idan haka ne, komawa wani kamfanin DSL ba zai canza komai ba, domin kamfanoni irin su 1&1 da O2 a wurare da yawa layin nan ɗaya na Telekom, babban kamfanin tarho na Jamus, suke haya su sayar.

Kebul kuwa asalinsa na talabijin ne. Hukumar gidan waya ta Jamus ta Yamma ce ta shimfiɗa yawancinsa a shekarun 1980, daga baya aka sayar da shi ga kamfanoni. Vodafone ta sayi mafi yawan hannun jarin Kabel Deutschland a 2013, ta kuma sayi Unitymedia a 2019, wanda shi ne yake riƙe da jihohin Nordrhein-Westfalen da Hessen da Baden-Württemberg, shi ya sa a yau ita ce babba a wannan fanni. Akwai kuma PŸUR na kamfanin Tele Columbus da wasu ƙananan kamfanoni na birane. Ba kai ne kake zaɓen wanda kake so ba, sai wanda layinsa ya shigo gininku. Wayar kebul mai kauri ce, tana ɗaukar bayanai fiye da wayar tarho nesa ba kusa ba, kuma nisa ba ya cin ta kamar yadda yake cin DSL. Da DOCSIS 3.1, wato fasahar tura intanet ta wayar kebul, ana sayar da megabit 1000 na saukewa, kuma lambar ba ƙarya ba ce.

Inda gizo yake saƙar shi ne, layin kebul na tarayya ne. Gidaje masu yawa a unguwa suna rataye a kan reshe guda, suna raba ƙarfinsa a tsakaninsu. Kamar bututun ruwan unguwa ne a gida: da rana tsaka famfo yana zuba da ƙarfi, amma idan kowa ya buɗe nasa a lokaci ɗaya sai ya koma tsiyaya. Lokacin cunkoso a nan shi ne daga misalin ƙarfe bakwai na yamma zuwa goma sha ɗaya na dare, sa'ad da kowa ya dawo daga aiki ya kunna kallo. Idan kamfani ya raba reshen unguwarku yadda ya kamata, ba za ka taɓa jin wannan cunkoso ba. Idan kuwa ya cika shi da mutane bai faɗaɗa ba, za ka ji shi kowane dare. Saboda haka mutum biyu a gari ɗaya, a kamfani ɗaya, a farashi ɗaya, ɗaya zai rantse maka babu abin da ya kai kebul, ɗayan kuma ya rantse maka bai taɓa ganin wahala irin tasa ba, kuma dukansu gaskiya suke faɗa.

Akwai wani abu da nake so ka ba shi muhimmanci fiye da lambar saukewa, wato ƙarfin aikawa. Kiran bidiyo zuwa Katsina da aikin ofis ta VPN sun dogara ne a kan abin da gidanka yake iya turawa waje da kuma rashin tangarɗar layi. A kebul, ko wanda ya sayi megabit 1000, abin da ake ba shi na aikawa kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da na saukewa, kuma wannan ɓangare ne ya fi saurin lalacewa. Dalili shi ne, idan akwai soket da ya lalace ko waya mara kyau a gidan wani maƙwabci, hayaniyar da take fitowa daga can tana shiga hanyar komawa ta gurɓata wa duk waɗanda suke kan reshen, kuma gano gidan da matsalar take yakan ɗauki ma'aikata lokaci. DSL ba shi da irin wannan ciwo.

Shawarata ita ce, kafin komai ka tambayi maƙwabtan da kuke gini ɗaya. Nemi wanda yake da kebul, ka roƙe shi ya gwada gudun intanet ɗinsa da misalin ƙarfe tara na dare a ranar aiki da kuma daren Lahadi, ya nuna maka na saukewa da na aikawa. Amsar da za ka samu a hawa na biyu na gininku ta fi duk abin da mu a nan za mu faɗa maka, domin reshenku ɗaya da shi. Ka kuma shiga shafin kamfanonin ka sa adireshinka ka duba ko an fara shimfiɗa zaren gilashi har cikin gida a titinku, domin idan yana nan tafe a kusa, bai kamata ka ɗaure kanka da sabon wa'adin shekara biyu ba.

Game da rautarka, 7530 ta DSL ce, ba ta da wurin da wayar kebul za ta shiga, don haka ba za ta yi aikin babbar na'ura ba. Amma ba ta zama asara ba: za ka iya mayar da ita mai ƙara faɗin Wi-Fi a ɗakunan ciki.

Maman Faruk ta amsa:

Assalamu alaikum. Baban Amira, ni ina cikin waɗanda suka ɗanɗana ɓangaren da Injiniya ya kira cunkoso, kuma zan faɗa maka yadda abin ya kasance mini ba ƙari ba ragi. Mun bar DSL mai megabit 50 muka koma kebul mai 500, saboda farashin watannin farko ya yi sauƙi ƙwarai. Da farko babu abin da za a ce sai godiya. Da safe da rana intanet yana gudu yadda ban taɓa gani ba. Da aka shiga lokacin sanyi, mutane suka daina fita da yamma, sai abin ya juya. Daga bayan magariba kallo ya riƙa tsayawa, karatun Alƙur'ani da yarana suke yi ta bidiyo da malaminsu da ke gida ya riƙa katsewa, har malamin ya ce a mayar da darasin safiyar Asabar. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne, tsohon DSL ɗin da na raina bai taɓa yi mini haka ba. Kaɗan yake bayarwa, amma kaɗan ɗin nan yana nan safe da dare.

Duk lokacin da na kira kamfanin, amsa ɗaya ce: a zare na'ura daga wuta a mayar. Da suka turo ma'aikaci, da hantsi ya zo, ya auna ya ga komai lafiya, ya tafi. Ban ga laifinsa ba, domin a lokacin da ya zo lafiyar ce. Wata maƙwabciyata Bajamushiya ce ta nuna mini hanyar da doka ta tanada, kuma ita nake so kowa a nan ya sani.

Hukumar da take kula da harkar sadarwa, Bundesnetzagentur, tana da manhajar kwamfuta mai suna Breitbandmessung. Tun daga Disamba 2021, sakamakon wannan manhaja hujja ce da kamfani ba zai iya watsar da ita ba. Sharaɗin shi ne a yi awo 30 a ranaku uku daban-daban, goma kowace rana, a bar aƙalla kwana ɗaya tsakanin ranakun, kuma a kammala duka cikin kwana 14. Tsakanin awo da awo ana jiran minti biyar, tsakanin na biyar da na shida kuma aƙalla awa uku. Dole a haɗa kwamfutar da rauta ta waya, ba ta Wi-Fi ba. Aikin yana da gajiyarwa, ba zan ɓoye maka ba, amma a ƙarshe manhajar tana fitar da takardar shaida. Ana kwatanta sakamakon da lambobi uku da suke cikin takardar bayanin kwantiragi, wadda suke kira Produktinformationsblatt: mafi girman gudu, gudun da aka saba samu, da mafi ƙanƙanta. Idan a ranaku biyu cikin ukun ba a taɓa kai kashi 90 cikin ɗari na mafi girman ba, ko gudun da aka saba bai samu ba a kashi 90 na awon, ko kuma a ranaku biyu an faɗi ƙasa da mafi ƙanƙanta, ɗaya daga cikin waɗannan ya isa. Daga nan kana da damar neman a rage maka kuɗin wata, ko ka ba su wa'adi su gyara, idan suka kasa ka fita daga kwantiragin kafin lokacinsa.

Ni na jera yawancin awona a yamma, na aika musu da takardar a rubuce. Sun rage mini kuɗi, daga baya kuma da matsalar ta ci gaba suka sake ni, na koma DSL, wannan karon mai megabit 100 tunda gidanmu yana kusa da akwati. Ba ina cewa kada ka sauya ba ne, domin naka DSL ɗin ya fi nawa rauni. Abin da nake roƙonka shi ne ka karɓi wannan takarda mai lambobi uku kafin ka sa hannu, ka dubi ta ukun, domin ita ce alkawarin da za ka iya kama su da shi.

Ɗan Zango ya amsa:

Salam. Hajiya Maman Faruk, Allah ya ba da haƙuri, abin da ya same ki ba daɗi. Amma domin Baban Amira ya ji ɓangare na biyu, ni shekaru ke nan ina kan kebul kuma ban yi nadama ba. Gidan da nake a ƙarshen layi yake, DSL ɗin da ake iya ba mu tsohon nan ne mai megabit 16, wanda ko 10 ba ya kaiwa, na aikawa kuwa da ƙyar yake haura 1. Tura bidiyon suna ko na biki zuwa ga dangi a Kumasi sai in bar waya a kan caji in kwanta. Yanzu ina da 250, kuma ko da dare ina samun kusan abin da aka rubuta. Matsalar da na taɓa samu ita ce ɗaukewar layi gaba ɗaya na ɗan lokaci sa'ad da ake aiki a titi, kuma an gyara.

Ga abin da zai amfane ka a ranar haɗawa. Ma'aikacin zai buƙaci shiga ɗakin ƙarƙashin gini, inda kebul yake shigowa kuma inda na'urar ƙara ƙarfin sigina take. Sau da yawa wannan ɗaki a kulle yake, makullin yana hannun mai kula da gini, saboda haka ka yi magana da shi tun kafin ranar, in ba haka ba mutumin zai zo ya koma a sake ba ka wata rana. Ka duba soket ɗin talabijin na falonka. Idan ramuka biyu gare shi, tsohon yayi ne, mai yiwuwa a canza shi da mai ramuka uku. Canza soket ƙaramin aiki ne, amma idan za a huda bango ko a ja sabuwar waya daga ƙasa, to lallai sai da izinin mai gida, kuma gara ya kasance a rubuce.

Ka tuna kuma cewa wurin rauta zai canza. Soket ɗin tarho yawanci a farfajiyar shiga yake, tsakiyar gida, na kebul kuwa a kusurwar falo bayan talabijin. Mutane da dama suna sauyawa su ce kebul ba shi da ƙarfi a ɗakin kwana, alhali bango ne ya tare Wi-Fi. A nan tsohuwar FRITZ!Box ɗinka za ta yi maka rana, kamar yadda Injiniya ya faɗa.

Tunda layukan biyu daban-daban ne, ni shawarata ka bar DSL yana aiki, ka sa a haɗa maka kebul, ka gwada su tare. Idan bai yi maka ba, ai akwai kwana 14 na janyewa, sai ka mayar musu da kayansu.

Malam Na-Kolon ya amsa:

Assalamu alaikum. Shawarar Ɗan Zango ta gwada layukan biyu tare mai kyau ce, amma akwai gyara a kan kwana 14 ɗin, kuma gyaran yana da muhimmanci domin mutane suna faɗawa wannan rami. Haƙƙin janyewa yana nan ga kwantiragin da aka ƙulla ta intanet, ta tarho, ko a bakin ƙofa, amma wanda ya shiga shago da ƙafarsa ya sa hannu ba shi da shi a doka. Sannan ƙidayar tana farawa ne daga ranar ƙulla kwantiragin, ba daga ranar da ma'aikaci ya zo ya haɗa ba. Idan aka ba ka ranar haɗawa bayan mako uku, wa'adin ya wuce tun ba ka ga ko megabit ɗaya ba. Wanda yake so ya gwada ba tare da ya ɗaure kansa ba, ya tambayi tsarin da ake iya sokewa wata-wata idan kamfanin yana da shi, ko da kuɗin haɗawarsa ya fi yawa. Doka ta kuma wajabta wa kowane kamfani ya kasance yana da kwantiragin da bai wuce watanni 12 ba, sai dai ba shi suke sa wa a gaban talla ba, sai ka nema.

A kan tambayarka ta wa zai soke, Baban Amira, tunda kana son lambarka ta gida, kada ka soke da kanka. Ka cike takardar sauya kamfani a wurin sabon, ka rubuta lambar da kake so a ɗauko, su ne za su yi magana da tsohon su daidaita rana. Ka tabbata sunan da adireshin da ka rubuta sun yi daidai harafi da harafi da yadda suke a tsohon kwantiragi, domin sunayenmu sukan zo a rubuce iri-iri a takardu, kuma bambanci kaɗan yana sa a dawo da buƙatar. Ɗauko lamba kyauta ne tun da sabuwar dokar sadarwa ta fara aiki ranar 1 ga Disamba 2021. Wannan doka ce kuma ta sa kwantiragin da wa'adinsa na farko ya cika, irin naka, ake iya soke shi da sanarwar wata ɗaya, maimakon ya sabunta kansa na shekara guda kamar da.

Idan ka bi wannan hanya, tsohon kamfani ba shi da ikon yanke maka layi kafin sabon ya shirya. Idan ranar ta wuce ba da laifinka ba, zai ci gaba da ba ka intanet a kan rabin kuɗin wata. Katsewar da aka yarda da ita a ranar sauyi ba ta wuce ranar aiki ɗaya, abin da ya haura haka kana da diyyar Yuro 10 ko kashi 20 cikin ɗari na kuɗin wata a kowace ranar aiki, duk wanda ya fi yawa. Haka nan idan ma'aikaci ya saɓa alkawarin zuwa, diyyar ke nan. Idan kuma daga baya layi ya ɗauke gaba ɗaya ka kai rahoto, daga rana ta uku ana biyan Yuro 5 ko kashi 10, daga ta biyar Yuro 10 ko kashi 20. Ba sa turo wannan kuɗi da kansu, sai ka rubuta ka nema. Idan aka ƙi sauraronka, Bundesnetzagentur tana da sashen sasanci da ba a biyan ko sisi, akwai kuma ofisoshin kare masu saye, Verbraucherzentrale, a kowace jiha.

Game da farashi, ka ɗauki biro ka tara kuɗin watanni 24 gaba ɗaya, har da kuɗin haɗawa da na hayar rauta, sannan ka raba. Rahusar watannin farko takan ƙare, farashin ya tashi, kuma a nan ne ake gane ko kebul ɗin ya fi araha da gaske. Wani abu kuma da 'yan tallan bakin ƙofa suke amfani da shi: tun 1 ga Yuli 2024 mai gida ba ya iya sa kuɗin talabijin na kebul a cikin kuɗaɗen hidimar gini kamar da. Wasu suna fakewa da wannan su ce za a rufe maka soket idan ba ka sa hannu yau ba. Kwantiragin intanet daban yake da na talabijin, don haka ka karanta da kyau kada a haɗa maka abin da ba ka nema ba.

Baban Amira ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na bi shawarar Injiniya na tambayi maƙwabta biyu a gininmu da suke da kebul. Dukansu sun ce ba su da kuka, ɗayan ma ya gwada a gabana da dare, na ga na saukewa ya kusa abin da yake biya, na aikawa kuma ya ninka nawa sau da yawa. Na duba batun zaren gilashi, babu alamar an sa titinmu a tsari tukuna. Saboda haka zuciyata ta karkata ga sauyawa, kuma zan ɗauki 250, ta hanyar da Malam ya bayyana, in bar sabon kamfanin ya yi sokewar.

Saura tambaya ɗaya. Maƙwabcin nawa ya ce tun da ya koma kebul ya kasa shiga na'urar ajiyar hotunansa daga waje. Ni ma ina da ƙaramar kyamara a gida da nake dubawa idan mun tafi hutu Najeriya, ga kuma VPN na ofis. Shin wannan matsala za ta shafe ni? Kuma ya fi in karɓi rautar kamfani ko in sayi tawa?

Injiniya Bagobiri ya amsa:

Abin da ya sami maƙwabcinka sunansa DS-Lite, kuma ya zama ruwan dare a layukan kebul, ko da yake wasu kamfanonin DSL da na zaren gilashi ma suna yin sa. Adireshin intanet na tsohon tsari, IPv4, ya yi ƙaranci a duniya, saboda haka kamfani yakan ba ka cikakken adireshi na sabon tsari, IPv6, sannan ya haɗa ka da wasu masu saye da yawa a bayan adireshin IPv4 guda. Fita daga gida zuwa intanet ba ya samun cikas, amma mai son shigowa gidanka daga waje ta IPv4 ba zai same ka ba. Idan kyamararka tana bi ta manhajar kamfanin da ya ƙera ta, galibi za ta yi aiki yadda ta saba, domin ita ce take fita ta nemi kwamfutocin kamfanin. Idan kuwa ka buɗe mata ƙofa ce a rauta kana shiga kai tsaye, to daga layin waya a Najeriya wanda ba shi da IPv6 ba za ka iya kai gare ta ba. VPN na ofis yawanci yana aiki, amma wasu tsofaffin tsare-tsare suna yawan tsinkewa a kan DS-Lite, don haka ka tambayi ma'aikatan kwamfuta na ofishinku ko sun san da wannan matsala. Kafin ka sa hannu ka tambayi kamfanin ko za su ba ka adireshin IPv4 naka na kanka, da kuɗi ko kyauta, kuma ka nemi amsar a rubuce.

Batun rauta, tun 1 ga Agusta 2016 doka ta ba kowa 'yancin amfani da tasa, har a layin kebul. Akwai FRITZ!Box na kebul irin su 6660 da 6690, kuma za su yi aiki tare da 7530 ɗinka a matsayin Wi-Fi guda a faɗin gida. Idan za ka sayi ta hannu, ka yi hattara da waɗanda asalinsu na haya ne daga wani kamfani, domin irin waɗannan ba a yarda a yi musu rajista a sabon layi. Ni zan ce ka fara da wadda kamfani ya ba ka a watannin farko, saboda idan matsala ta taso ba za su ɗora laifin a kan na'urarka ba. Idan ka ga layin ya zauna lafiya har cikin lokacin sanyi, sai ka sayi taka, ka mayar musu da tasu ta gidan waya, ka adana rasiɗin aikawar.